Manhajar Horar da Kunne: Asalinta, Aikinta da Muhawarar da Ke Kanta

Manhajar horar da kunne shiri ne na kwamfuta ko wayar hannu da ke koya wa makaɗa da mawaƙa tantance sauti da ji kaɗai. Takan kaɗa sautuka biyu ta tambayi ɗalibi tazarar da ke tsakaninsu, ko ta buga wani kari ta nemi ya maimaita shi, ko kuma ta saurari muryarsa ta nuna masa inda ya kauce.

Asali

Darasin ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 11, wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na garin Arezzo, ya laƙaba wa sautuka sunayen ut, re, mi, fa, sol, la, domin saukaka hadda. Daga baya ut ta koma do. A ƙarni na 19, Sarah Glover da John Curwen suka gyara tsarin a Ingila, 'yan mishan suka kawo shi Afirka ta Yamma, inda mawaƙan coci a Najeriya ke amfani da shi har yau.

Fitattun manhajoji

EarMaster, wadda aka fitar a Danmak a 1996, ta kuɗi ce. GNU Solfege kuwa, wadda Tom Cato Amundsen ɗan ƙasar Norwe ya rubuta, kyauta ce, kuma kowa na da ikon sauya ta. Amfaninsu a fili yake: wanda ba shi da halin biyan malami zai iya yin atisaye dare da rana.

Muhawara

Akasarin waɗannan manhajoji an gina su ne kan ma'aunin Turai, wanda ya raba tazarar da ke tsakanin do ta ƙasa da do ta sama gida 12 daidai wa daida, irin na fiyano. Sai dai ba duk kiɗan duniya ne ke bin wannan ma'auni ba. Maƙamai na Larabawa, irin su Rast da Bayati, suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano. Haka ma a ƙasar Hausa: mai kalangu yakan matsa tsirkiya ko ya sassauta ta domin ya bi hawa da saukar harshe, goge kuma ba shi da matakan da ke kayyade wa yatsa wurin tsayawa. Manhajar da ba ta san wannan ba tana iya kiran gwaninta kuskure.

Irin wannan damuwa ce ta sa Khyam Allami, makaɗi ɗan asalin Iraƙi, ya fito da Leimma da Apotome a 2021, manhajoji na kyauta da ke ba mutum damar tsara ma'aunin sautinsa da kansa. Tambayar da aikinsa ya taso da ita ta wuce fagen kiɗa: idan matasa za su koyi ji daga na'ura, wa ya faɗa wa na'urar abin da yake daidai?