Wasiƙa Daga Doha: Ilimin da Ke Cikin Tagulla

 

Yau tarihin wata na'ura zan kawo muku, sunanta usturlabi. Akwai irinta da dama a Gidan Tarihin Fasahar Musulunci na nan Doha, wanda aka buɗe a 2008. Faifan tagulla ne mai zane-zane, kusan faɗin faifan tankaɗe ko ƙasa da haka. Asalinta daga Girkawa ne, amma Musulmi suka raya ta tun ƙarni na 8, zamanin Al-Fazari a Bagadaza. A ƙarni na 10 Abdurrahman Al-Sufi ya rubuta littafi guda a kan amfaninta.

Ga yadda take aiki: mutum ya auna tsayin rana ko na tauraro, ya juya faifan sama, sai ya karanta lokaci. Lissafin da malami ya yi shekaru yana koyo, maƙeri ya riga ya zana shi a jikin tagulla. Ladan bai san lissafin ba, amma zai fitar da lokacin Azahar da La'asar daidai.

Sai dai kowane faifan ciki an zana shi ne don nisan wani gari daga layin ikwaita. Doha tana wajen digiri 25, Kano 12. Faifan Doha ba zai yi aiki a Kano ba, sai an sauya.

Masu binciken tsarin bayanai na kwamfuta sun zo kan wannan magana daga baya. Herbert Simon ya share fage a 1969, sannan a 2004 Alan Hevner da abokansa suka nuna a mujallar MIS Quarterly cewa ƙera abu da gwada shi hanyar samun ilimi ce, kuma abin da aka ƙera yana ɗauke da ilimin.

To jama'a, manhajar lokutan sallah da ke wayoyinmu jikar usturlabi ce, ita ma da nata faifan. Idan an saita ta a kan mazhabar Hanafiyya, La'asar sai inuwa ta ninka tsayin abu biyu, mu kuwa Malikawa ɗaya muke bi. Don Allah kowa ya duba saitin tasa, ya duba wa iyaye ma.

A gaida mutan gida. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.