Dutsen da ke Auna Numfashin Duniya

A daren 27 ga Nuwamba 2022, dutsen Mauna Loa da ke tsibirin Hawai ya farka daga barcin shekara 38 ya fara aman wuta. Kashegari narkakken dutse ya gangaro ya datse hanyar mota ɗaya tilo da ke hawa gefensa na arewa, ya lashe turakun lantarki. Ba a rasa rai ba, ba gidan da ya ƙone. Amma a can sama, wajen mita 3,400 daga matakin teku, wani aikin awon iska da ake yi tun 1958 ya tsaya cik. Hankalin masana ya tashi, har kafin mako biyu su cika sun kafa wata na'ura a kan Mauna Kea, dutsen da ke maƙwabtaka da shi, don kada lissafin ya yanke.

Wanda ya ga tashar ba zai ce ta kai a damu da ita ba. 'Yan ɗakuna ne da hasumiyar ƙarfe a tsakiyar baƙin dutse, ba ciyawa, ba bishiya, ba maƙwabci. A harshen mutanen Hawai, Mauna Loa na nufin dogon dutse. Tsayinsa mita 4,169, kuma shi ne mafi girma cikin duwatsun duniya da har yanzu ke aman wuta. Tun a ƙarshen 1840 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Charles Wilkes, ya hau ƙololuwarsa da ɗaruruwan 'yan dako ɗauke da kayan awo, sanyi da ƙarancin iska suka gallabe su. Bayan shekara ɗari da goma, fursunonin gidan yarin Kulani suka fasa hanya cikin duwatsun, aka kafa 'yar bukkar duba yanayi kusa da ƙoli a 1951. Hanyar ta gagari motoci, aka watsar da bukkar, sannan aka gina tashar da ake da ita yanzu a ƙasa kaɗan, aka buɗe ta a watan Yuni 1956.

Abin da ya sa wurin ya zama kufai shi ne ya ba shi daraja. Hawai na tsakiyar Tekun Pasifik, fiye da kilomita 3,500 daga gaɓar Kalifoniya. Iskar da ke isa can ta daɗe da gaurayuwa, babu hayaƙin wani birni a cikinta.

Tambayar da aka je amsawa kuwa, wato yadda iska ke riƙe zafin duniya, ta girmi tashar da fiye da ƙarni guda. Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida ya san rabin amsarta. A daren hunturu, sama tarwai, iska a bushe, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere sama, kafin asuba mutum na neman bargo. A daren bazara kuwa, idan hadari ya haɗu bai zubar ba, danshi ya cika iska, sai zufa ta hana barci. Hasken rana yana ratsa iska ya dafa ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da zafin a matsayin huci, irin wanda katangar siminti ke fitarwa bayan magariba. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 99 cikin ɗari na busasshiyar iska, ba ruwansu da wannan huci. Tururin ruwa da kabon dayoksaid da mitan su ne ke tare shi, su mayar da wani sashe ƙasa. Turawa sun ara wa abin suna daga ɗakin gilashi da suke renon shuke-shuke a lokacin sanyi, ko da yake kamancen bai cika ba. Ba don wannan mayafi ba, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili maimakon 15 sama da shi.

Joseph Fourier, masanin lissafi na Faransa, shi ya fara hasashen haka a 1824. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta cika tulunan gilashi da iskoki dabam-dabam ta ajiye a rana, ta ga mai kabon dayoksaid ya fi zafi kuma ya fi daɗewa bai huce ba. Aka manta da ita fiye da shekara ɗari. John Tyndall ya auna abin dalla-dalla a Landan a 1859. Svante Arrhenius na Suwidin ya ɗauki watanni yana lissafi da alƙalami, a 1896 ya ce idan kabon dayoksaid ya ninka, zafi zai ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Mutumin ƙasar sanyi ne, don haka bai ga abin a matsayin masifa ba. Sai a 1938 wani injiniyan tukunyar tururi a Ingila, Guy Callendar, ya tattara bayanan tashoshin yanayi ya ce ɗumamar ta ma fara, kuma kwal da ake ƙonawa ne sanadi. Manyan masana suka yi kunnen uwar shegu da shi. Hujjarsu ita ce teku zai shanye duk abin da masana'antu suka fitar. Kuma babu mai iya ƙaryata su, domin awon da ake da shi a lokacin ba ya daidaita: a auna yau a samu wata lamba, gobe wata mai nisa da ita.

Nan Charles David Keeling ya shigo. An haife shi a 1928, ya karanta kimiyyar sinadarai, yana son kaɗa fiyano da yawon duwatsu. A tsakiyar shekarun 1950, yana jami'ar Caltech, ya ƙera na'urar awonsa da hannunsa, ya riƙa kwana a daji a gaɓar Big Sur yana cika kwalaben gilashi da iska dare da rana. Da dare lambar takan hau, saboda numfashin bishiyoyi da ƙasa. Amma da la'asar, duk inda ya je, daji ko kan dutse ko hamada, sai ta dawo wajen 310 cikin miliyan. Wato in aka ƙirga ƙwayar gero miliyan guda, 310 ne kawai baƙi a ciki. Ashe iskar duniya na da ma'auni tsayayye, masu awon baya ne ba su iya ba.

Labari ya kai ga Harry Wexler na hukumar yanayi ta Amurka da Roger Revelle, shugaban cibiyar binciken teku ta Scripps. Lokacin ana shirin shekarar binciken ƙasa ta duniya ta 1957 zuwa 1958, kuɗi sun samu. Revelle ya ɗauki Keeling aiki, amma ra'ayinsu ya saɓa. Shi Revelle so yake a zagaya duniya a ɗebi iska sau ɗaya, a jira shekara ashirin a sake, a kwatanta. Keeling ya kafe kai da fata sai an sa na'ura mai tsada da za ta riƙa awo ba dare ba rana. Taurin kan nasa ya yi rana.

A watan Maris 1958 na'urar Mauna Loa ta fara aiki, matsakaicin watan ya tashi wajen 315. Watannin farko sun rikita shi. Janareta na ɗaukewa, idan ya dawo lambar ta sauya, har ya zargi na'urar. Sai da shekara ta zagayo ya gane abin da yake gani. Lambar takan kai ƙoli a watan Mayu, ta yi ta sauka har ƙarshen Satumba ko Oktoba, sannan ta sake hawa. Dalili shi ne mafi yawan doron ƙasa da dazuzzuka suna arewacin duniya. Idan ganye ya toho a Sibiriya da Kanada, tsirrai sukan zuƙi kabon daga iska. Idan ya kaɗe ya ruɓe, su mayar. A takarda abin ya fito kamar haƙoran zarto, bambancin sama da ƙasa wajen 6 cikin miliyan kowace shekara.

Zarton dai ba a kwance yake ba. Kowane haƙori ya ɗara na bara tsayi. A 1960 Keeling ya wallafa sakamakon farko, ya haɗa da awon da ya yi a Antatika, ya nuna iskar na ƙaruwa. Hujjar teku ta faɗi: teku da dazuzzuka suna shanye wajen rabin abin da ake fitarwa ne kawai, sauran na taruwa a sama. A 1965 maganar ta shiga rahoton da masana suka miƙa wa Shugaba Lyndon Johnson.

Masu gardama suna da wata tambaya da ta cancanci amsa: yaya za a auna kabon a kan dutsen da shi kansa ke fitar da shi? Ma'aikatan tashar sun san da haka tun farko. Idan iska ta kwaso hayaƙi daga bakin dutsen, allurar na'ura takan yi tsalle-tsalle cikin mintoci, sai a ware waɗannan sa'o'i. Haka ma iskar la'asar da ke hawowa daga gonaki da dazuzzukan gindin dutsen. Kuma tashoshi da dama, daga tsakiyar Antatika zuwa Alaska zuwa Assekrem da ke duwatsun Hoggar a kudancin Aljeriya, suna ba da labari iri ɗaya. Duwatsu masu aman wuta na duniya gaba ɗaya ba sa fitar da abin da ya wuce wajen kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ɗan Adam ke fitarwa.

Iskar ma tana ɗauke da shaidar asalinta. Kwal da man fetur da gas sun kwanta a ƙasa miliyoyin shekaru, nau'in kabon mai lamba 14 ya ƙare a cikinsu ƙurmus, kuma wani masani, Hans Suess, ya nuna hayaƙinsu na sirka wanda ke cikin iska. Ɗan Keeling, Ralph, ya auna oksijin ya ga yana raguwa sannu a hankali, alamar ƙone-ƙone ne ke gudana. Ƙanƙarar Antatika da aka haƙo, mai kumfar tsohuwar iska a ciki, ta nuna cewa cikin shekara 800,000 lambar ba ta wuce wajen 300 ba, kuma kafin zamanin injin tururi tana wajen 280. Yau ƙona makamashi da yin siminti na zuba fiye da tan biliyan 37 na kabon dayoksaid a sama kowace shekara, ban da na sare dazuzzuka, ban da mitan da ke fita daga tumbin shanu da gonakin shinkafa da bututun gas. Sin ce kan gaba a yanzu, Amurka ce ta fi tarawa a tarihi, Afirka kuwa duk faɗinta rabonta bai kai kashi 4 cikin ɗari ba.

Abin mamaki, Keeling ya ƙare rayuwarsa yana roƙon kuɗin aikin. A farkon 1964 an rage kasafin tashar, na'ura ta lalace, awo ya tsaya na wasu watanni, kuma giɓin na nan a jadawalin har gobe. Sau da yawa hukumomi suna ce masa wannan ba bincike ba ne, maimaici ne kawai, ya miƙa wa gwamnati ya nemi sabon abu. Hukumar NOAA ta gwamnatin Amurka ta fara nata awon a wurin a 1974, amma ya ƙi rufe nasa, a ganinsa awo biyu sun fi ɗaya amana. A nan ma shi ke da gaskiya. Shugaba George W. Bush ya ba shi lambar yabo ta kimiyya a 2002. Ya rasu a watan Yuni 2005, lambar na wajen 380.

Ralph ya gaji aikin. A ranar 9 ga Mayu 2013 awon yini guda ya taɓa 400. Kullen korona na 2020, da ya tsayar da jirage da masana'antu, da ƙyar ya bar alama a jadawalin. A shekarun 1960 ƙarin bai kai 1 cikin miliyan a shekara ba, yanzu ya haura 2. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, wajen digiri 1.55 sama da zamanin kafin masana'antu. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta gabatar da daftarin kasafin kuɗi da ya nemi rufe sashen NOAA da ke kula da tashar. A watan Mayu na 2025, matsakaicin awon Mauna Loa ya haura 430 cikin miliyan.