Daga tangaraho zuwa pus biyu: tarihin waya a bakin iyaka

 A ƴan makonnin nan tambaya ɗaya ce take ta dawo mana ta bakin mutane daban-daban. Mai sayen wake a Ƙonni yana so ya sa intanet a shagonsa, yana tambaya na wane kamfani zai ɗauka. Makiyayin da zai gangara kudu da shanu bayan an gama kaka yana tambaya wane pus zai riƙe, wato abin da ƴan uwanmu na Najeriya suke ce wa layi ko sim. To, mu dai ba dillalan kowa ba ne, ba za mu kama sunan kamfani ɗaya mu ce shi ne ba. Abin da za mu yi shi ne mu bi tarihin wayar nan a bakin iyakarmu, don amsar tana cikinsa.

Dattawan yankin Daura da Magarya har gobe suna kiran turakun iyaka da sunan tangaraho. Tsakanin 1906 da 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji daga kogin Kwara har tafkin Cadi, suka kafa alamomi 148. Da yawa daga cikinsu turakun ƙarfe ne irin waɗanda ake ɗaura wa wayar tangaraho, sunan ya bi su. Abin dariyar shi ne babu wanda ya taɓa ɗaura musu waya. Wayar Faransawa ta bi tata hanya daga Yamai zuwa Damagaram, ta Ingilishi ta bi tata zuwa Kano da Sakkwato, kowace tana fuskantar gidan mai ita. Ko bayan samun mulkin kai, kira daga ƙasar da Faransa ta rena zuwa wadda Ingila ta rena sau da yawa sai ya je Turai ya zagayo. Maraɗi da Katsina kuwa tazararsu ba ta kai kilomita ɗari ba.

Saboda haka talaka bai taɓa dogara da ita ba. Saƙo direban mota ne yake ɗauka, ko fatake, ko a yi magana a kaset a ba mai tafiya. In saniya ta ɓata a ba da cigiya ranar kasuwa. Gaisuwa kuma a aika kati gidan rediyo a saurara a Zaɓi Sonka. A Najeriya an kafa NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasar gaba ɗaya wajen dubu 400 ne, ga jama'a fiye da miliyan 100. A Nijar, inda aka kafa SONITEL a 1997, layukan ba su wuce dubu 20 da wani abu ba, yawancinsu a ofisoshin Yamai. Wanda ya manyanta a cikinmu ya tuna layin da ake yi a telesanta, mutum ya tsaya da kuɗinsa a hannu yana addu'a kiran ya shiga.

A 2001 aka juya, kuma ikon Allah a ƙasashen biyu kusan lokaci guda. A watan Janairu hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin sai mutum ya ba da naira dubu 20 ko fiye, minti ɗaya naira 50, kuma ko sallama kawai ka yi ka kashe an cire maka kuɗin minti cur. Sai da Glo na Mike Adenuga ya shigo a 2003 yana lissafi da daƙiƙa sannan sauran suka sauko. A nan Nijar Celtel ya kunna nasa a watan Oktoban 2001, SahelCom da Telecel suka biyo baya.

Ina suka fara kafa ƙarafunansu? Wannan shi ne wurin da ya kamata a saurara da kyau. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta nuna cewa kamfanonin sun fara ne da manyan birane da garuruwan da ke kusa da iyaka, wato inda kuɗi ke juyawa. Ta kuma gano cewa a kasuwannin da rezo ya shiga, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwa bai bukatar a fassara masa wannan. Da can sai ka loda gero ka tafi kan sa'a, in ka tarar kasuwa ta faɗi ka sayar a haka ko ka biya mota ta maido. Da waya ta zo sai ka kira kafin ka ɗaure buhu. Amma a lura, alherin ya tsaya ne inda ƙarfe ya tsaya. Makiyayi da ke mashaya can nesa da kwalta bai ga komai ba sai bayan shekaru, kuma har yau akwai burtalin da sai an hau tudu ko bishiya ake samun sanda ɗaya.

Sai kuma wasan canza suna. Mai lambar 0802 a Najeriya, ba tare da ya motsa daga inda yake ba, ya kwana a Econet ya tashi a Vmobile a 2004, ya koma Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010. Celtel ɗin nan Mo Ibrahim, mutumin Sudan, shi ya kafa shi, ya sayar wa Larabawan Kuwait a 2005, su kuma suka sayar wa Indiyawa. Telecel na Nijar ya zama Moov, yanzu yana hannun mutanen Maroko. Orange ya shigo a 2008, a 2019 Faransawa suka sayar wa ƴan kasuwa, cikinsu har da mai motocin Rimbo, ya zama Zamani. SONITEL da SahelCom aka haɗe su a 2016 aka ce Niger Telecom. Etisalat na Najeriya ya koma 9mobile a 2017. Fentin shago yana canzawa, riga da hular ƴan talla suna canzawa, ƙarfen da ke bayan tasha yana nan inda aka kafa shi. Ni a ganina wanda ya ce yana ƙaunar kamfani kaza saboda sunansa, bai san abin da yake ƙauna ba.

Cikin duk wannan canje-canje akwai abu ɗaya da ya taɓa mu kai tsaye. A 2006 Celtel ya fito da wani tsari a gabashin Afirka da ya sa wa suna One Network, wato rezo ɗaya, a watan Nuwamban 2007 kuma ya shigar da Nijar, Najeriya, Cadi, Burkina Faso da Sudan a ciki. Ma'anarsa, in ka ƙetare da pus ɗinka za ka karɓi kira kyauta, ka yi kira a farashin ƙasar da ka shiga, ka sayi kati a nan ka zuba. Mai kai shanu Maigatari ranar Alhamis daga Dungas, ko mai zuwa Mai'aduwa ranar Lahadi, a karon farko ya ga wayarsa ba ta san akwai tangaraho ba. Wannan ya yiwu ne saboda kamfani ɗaya ne ke da ƙarafuna a hagu da dama. MTN da Glo ba su da reshe a Nijar, Moov da Zamani ba su da shi a Najeriya. Ƙungiyar CEDEAO ta zartar da doka a 2017 ta sauƙaƙa kira tsakanin ƙasashenta, aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. A ƙarshen 2024 Nijar da Mali da Burkina suka sa hannu kan tasu yarjejeniyar a ƙarƙashin AES, wadda Najeriya ba ta ciki. Ke nan duk wanda ya ji an ce an cire kuɗin ƙetare, ya tambaya tukuna: ƙetare zuwa ina? Tsarin kamfani ma yakan canza, farashin bara ba lalle shi ne na bana ba.

Akwai kuma matsalar da sai mu ƴan iyaka muka santa. Rezo bai san duwan ba. Kana zaune a gidanka a Ɗan Isa ko Illela, wayarka ta kama ƙarfen ƙetare don ya fi ƙarfi a lokacin, ta fara lissafa maka kuɗin baƙo. Ni kaina an taɓa cinye mini kuɗin da na zuba da safe kafin azahar, ban taka ko ƙofar gida ba, da na je ofishin kamfanin aka ce ai na yi tafiya. Maganinsa a cikin wayar yake: a sa yaro mai ido ya shiga wurin zaɓen rezo, ya cire shi daga zaɓar kansa, ya ɗaure shi a kan na gida, ya kuma kashe intanet na ƙetare.

Shekarar 2021 ta koya mana wani abu dabam. A farkon Satumba gwamnatin Najeriya ta sa aka kashe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda ƴan bindiga, sannan ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, da 14 na Sakkwato. A ranar babu MTN babu Airtel babu Glo, duk ɗaya suka zama. Mutanen da ke dab da iyaka waɗanda ke da pus ɗin Nijar su ne suka ci gaba da jin muryar ƴan uwansu, har maƙwabta suna zuwa aron waya. An ce su ma mutanen dajin sun yi wannan dabarar, kuma wannan ɓacin rai ne na gaske. Amma ga talakan da aka kai wa hari cikin dare, pus na biyun nan shi ne ya kira taimako. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, da aka rufe iyaka Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, sai matsalar ta juyo wannan gefe, ƙarafuna suka koma kan janareta da hasken rana, caji ma ya zama abin nema.

Kuɗi su suka ƙara ɗaure mu da layi. A farkon 2023 da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, an ga mai bijimi a kara yana tsaye ya riƙe igiya, mai saye ya ce ya tura, shi kuma bai ga saƙo ba, sabis ya tafi. A wannan gefe ma saƙon Nita da Amana ta waya yake zuwa. Lambar da banki ko wurin aike ya san ka da ita ta zama kamar makullin rumbu. A nan ne maganar rajista ta shigo. Najeriya ta fara rajistar layi a 2011, a 2015 ta ci MTN tarar dala biliyan 5.2 kan layuka miliyan 5.1 da ba a kammala rajistarsu ba, kafin daga baya a rage. A Disambar 2020 aka ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar NIN. Ƴan uwanmu da yawa, musamman makiyaya da fataken Nijar, sun bi gajeriyar hanya: suka sayi layin da wani ya riga ya yi wa rajista, ko yaron tasha ya yi musu da sunansa. Ranar da wayar ta faɗa rijiya ko aka sace ta, ofis ba zai maido lambar ba sai ga mai sunan. Kuɗin da ke ciki da dukan abokan cinikin da suka san lambar sun tafi tare. In kuma wani ya aikata ta'asa da layin da ke ɗauke da sunanka, ƙofarka jami'ai za su ƙwanƙwasa.

Mai shagon Ƙonni da ke son intanet, tasa maganar gajeriya ce. Wayar ƙasa irin ta fiba a manyan garuruwa take, yawancinmu ƴar na'urar nan ce da ake sa wa pus a ajiye a kan kanta. Tun da haka ne, ƙarfinta ƙarfin ƙarfen da ke kusa da kai ne, ba abin da aka rubuta a kwali ba. Kafin ka biya, ari pus na kowane kamfani daga maƙwabta, ka gwada a cikin shagon, a rufe da kwano yadda yake, ranar kasuwa da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau. Ka sayi na'urar da ba a kulle ta a kan kamfani ɗaya ba. Ka fara da mega na sati, kada ka zuba na wata uku don an yi maka ragi, ka tuna a Janairun 2025 NCC ta yarda a ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Starlink da ke jawowa daga tauraron ɗan Adam ya shiga Najeriya a 2023, Nijar a 2025, yana kamawa inda babu ƙarfe, sai dai kuɗin kwanonsa da na wata da wutar da yake ci sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ya fi dacewa da ƙungiyar ƴan kasuwa ko mai sayar wa unguwa.

Makiyayi kuma kada ya tambayi mai shagon waya a birni. Ya tambayi wanda ya dawo daga burtalin da zai bi, mashaya bayan mashaya: a nan wanne ke kamawa, a can wanne. Wayar nan ƙarama mai pus biyu da tocila, wadda ke kwana huɗu ba caji, ta fi masa babba mai shafawa. Lambobin da ba ya so ya rasa, na gida, na dillalinsa, na arɗo da na likitan dabbobi, a rubuta masa su a takarda da 227 ko 234 a gabansu, ya sa a cikin laya ko aljihun ciki. Pus ɗin da zai bari watanni bai taɓa ba kuma, ya riƙa zuba masa ko ɗan kaɗan ne yana kira da shi, don kamfanonin ƙasashen biyu suna karɓe lambar da ta daɗe a kwance su sayar wa wani.