Ma'aikatan kai saƙo da kaya a Njamena: doka, ƙungiyoyin ƙwadago da lafiyar mai aiki

Chadi ba ta da gaɓar teku. Yawancin hajar da ake sayarwa a kasuwannin Njamena tana sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru, ta yi tafiyar kilomita kusan 1,800, sannan ta tsallaka gadar Ngeli da ke kan kogin Logone daga garin Kusuri. Daga nan har ƙofar mai karɓa, kayan suna bi ta hannun direbobi, 'yan dako, ma'aikatan gidan waya da masu babura. Irin kariyar da kowannensu yake samu ta dogara ne a kan abu ɗaya: ko yana da kwangilar aiki da rajista, ko ba shi da su.

Kamfanin gidan waya

Kamfanin gwamnati mai kai wasiƙu da ƙunshin kaya shi ne Société Tchadienne des Postes et de l'Épargne, wanda aka fi sani da STPE. An kafa shi ne bayan dokokin 1998 da suka raba tsohuwar hukumar gidan waya da sadarwa ta ONPT. Ɓangaren tarho ya zama Sotel Tchad, wasiƙu da ajiyar kuɗi kuma suka koma hannun STPE. Chadi ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya tun 1961. A yanzu hukumar ARCEP ce take sa ido kan harkar, kuma akwai kamfanoni masu zaman kansu irin su DHL a birnin.

Zuwan wayar salula da aika kuɗi ta waya ya rage wa gidan waya ciniki sosai. Motocin sufuri masu zuwa Mundu, Sar da Abeshe su ma suna ɗaukar saƙo. Ma'aikatan STPE sun sha kokawa kan bashin albashi na watanni, kuma wannan ne kan gaba a buƙatunsu.

Abin da doka ta tanada

Dokar ƙwadago ta Chadi ita ce mai lamba 038/PR/96 ta ranar 11 ga Disamba 1996. Lokacin aiki awa 39 ne a mako. Mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG, kusan jaka 60 na sefa ne a wata tun 2011. Wajibi ne mai kamfani ya yi wa ma'aikacinsa rajista a asusun CNPS, wanda yake biyan kuɗin iyali, fansho da diyyar haɗarin aiki. Kason haɗarin aiki mai kamfani ne kaɗai yake zuba shi, ba a cirewa daga albashi. Sufetocin ƙwadago suna da ikon shiga wurin aiki su duba, su ne kuma suke fara ƙoƙarin sasanta rikici kafin a kai ga kotu.

Ƙungiyoyin ƙwadago

Manyan uwayen ƙungiyoyi su ne Union des Syndicats du Tchad, wato UST, da Confédération Libre des Travailleurs du Tchad, wato CLTT. Chadi ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda suka tabbatar da 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki da murya ɗaya.

Sai dai yajin aiki yana da iyaka. Wata doka ta 2007 ta sanya gidan waya cikin ayyukan da ba a rufewa gaba ɗaya, dole wasu su ci gaba da aiki. A 2016, lokacin da faɗuwar farashin man fetur ta sa gwamnati ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu guda 16, an sake gyara dokar ta yadda ba a biyan albashin kwanakin yaji. Ƙungiyoyin sun yi tir da gyaran.

Haɗarin aikin

Haɗari na farko zafi ne. A watan Afrilu zafin Njamena yakan haura digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu. Na biyu hanya ce: ramuka, cunkoso da ambaliyar damina, irin wadda ta mamaye unguwanni a 2022. Na uku nauyin kaya, wanda yake cin baya da gwiwoyin 'yan dako a hankali.

Mafi yawan masu fuskantar waɗannan haɗurra ba su cikin littafin kowane kamfani. Mai babur ɗin haya, wanda ake kira kilando, ana biyansa ne bisa kowace tafiya. Ɗan dako a kasuwar Dembe ko kasuwar gero ladansa bisa buhu ne. In ya karye, kuɗin magani daga aljihunsa ko na dangi zai fito. Wannan ya shafi baƙi 'yan ci-rani daga Nijar, Najeriya da Kamaru, ciki har da Hausawa, waɗanda sukan dogara da uban ɗaki ko sarkin tasha a maimakon ƙungiya.

Misali daga waje

Matsalar ba ta Chadi kaɗai ba ce. A Amurka, ƙungiyar Teamsters ta cim ma yarjejeniya da kamfanin UPS a 2023 a madadin ma'aikata kusan 340,000, wadda ta haɗa da sanya na'urar sanyaya iska a sababbin motocin rabon kaya. A Afrilun 2022 ma'aikatan wani rumbun Amazon a Staten Island suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiya, karo na farko a kamfanin a ƙasar. A Yunin wannan shekarar kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya lafiya da tsaro a wurin aiki cikin haƙƙoƙi na asali.

Ga mai neman aikin kai kaya a Njamena, takardu uku ne suke tsaya masa ranar da haɗari ya auku: kwangila a rubuce, lambar CNPS da takardar biyan albashi.