Daga askar wanzami zuwa dashen gashi: tarihin yaƙi da sanƙo

Tun kaka da kakanni, sha'anin gashin kai a ƙasar Hausa yana hannun wanzamai da makitsa. Wanzami ya yi aski, ya yi ƙaho, ya cire belu, amma in sanƙo ya kama mutum sai dai haƙuri da hula. Me ya sa?

Amsar tana ƙarƙashin fata. Kowane gashi yana fitowa daga wani ɗan rami mai zurfin kamar milimita 4, kuma kan mutum na da irinsu wajen 100,000, duk da su aka haife shi. A gindin ramin akwai saiwa wadda jini ke ciyarwa. Gashi kan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta kamar wata 3, ya faɗi, sabo ya fito. Aska sama take yankewa, shi ya sa gashi ke dawowa. Mu ƴan yankin Maraɗi mun san wannan a gona: sassaben zamani da aka fara wajen 1983 ya nuna mana kututturen da saiwarsa ke raye yana sake zama itace.

A 1939 wani likitan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana yadda ya ɗebi ƙananan fata masu gashi ya dasa a inda tabo ya cinye. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aikin bai bazu ba. A 1942 James Hamilton na Amurka ya nuna cewa sanƙo gado ne da ke tafiya da sinadarin mazantaka. Sai Norman Orentreich a birnin New York ya yi dashe a 1952, ya wallafa sakamakon a 1959: gashin ƙeya ba ya jin wannan sinadarin, ko an kai shi goshi yana riƙe halinsa.

Dashen farko ya riƙa fitowa tsibi-tsibi kamar shukar gero. A 1984 John Headington ya nuna gashi na tsira ne rukuni-rukuni, 1 zuwa 4, sai likitoci suka koma dasa shi haka. A 1990 George Cotsarelis da abokan aikinsa suka gano inda ƙwayoyin da ke sabunta gashi suke zaune a jikin ramin. Daga 2002 cire rukuni ɗai-ɗai ya yaɗu, yau kuwa Istanbul ta Turkiyya ta zama kasuwar wannan aiki.

To, ina ruwanmu? Dashe ba ya ƙara yawan saiwa, kamar dashen albasa ne, abin da ke ƙeya ake rabawa. Saiwar da tabo ya kashe kuwa, babu man da aka tabbatar yana tayar da ita, komai daɗin bakin mai talla ranar kasuwa.

Abin da ke hannunmu shi ne tsare wadda ke raye. Iyaye mata, a sassauta wa ƴan mata kitso, jan da ake yi shekara da shekaru yana cinye gashin gaban goshi. Yaron da makero ya kama a kai shi likita da wuri, don na kai maganin sha yake buƙata, shafawa kaɗai ba ta isa. Wanzamanmu kuma su tsabtace aska tsakanin kai da kai.

Allah Ya ba mu lafiya.