Daga Koko da Ƙosai Zuwa Indomie da Ƙwai: Yadda Cimar Yaran Agege Ta Sauya

Goro ne ya kai Bahaushe Agege, jirgin ƙasa kuma ya zaunar da shi. Layin dogon da Turawa suka fara shimfiɗawa daga Ikko a 1896 ya ratsa garin, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Daga nan huhunan goro suka riƙa hawa tarago suna yin arewa, shanu da wake da gero suna gangarowa kudu. Zango ya cika ya batse, aka naɗa Sarkin Hausawa, aka gina masallatai da makarantun allo, magidanta suka ɗauko iyalansu.

Cimarsu ma ta biyo su. Sayen abinci a waje ba baƙon abu ba ne a Zango, domin tun fil azal matan aure na dafawa a cikin gida, yara na fita talla. Sai dai abin da ke cikin farantin tallan, hatsi ne da wake da ganye: koko da ƙosai da safe, ɗanwake ko dambu ko kwaɗon rama da rana, fura da nono idan rana ta take, tuwo da miyar kuka da dare. Zaƙi kuwa sai an yi sa'a, ɗan guntun rake ko alewar kwabo. Yaron da ya ci wannan, shi ne kuma mai ɗibar ruwa, mai zuwa aike, mai langa da ƙwallo a fili har magariba. Ban ce zamanin babu yunwa ko cuta ba, akwai su, har sun fi na yanzu kisa. Amma yaro mai teɓa sai an tona.

Burodi ne ya fara buɗe ƙofa. Wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, wanda ya zo Ikko a 1913, shi ya yi suna wajen gasa burodi mai laushi da danƙo, daga baya gidajen burodin Agege suka karɓi sana'ar har sunan garin ya bi shi. Burodi na neman abin tsomawa, sai ga namu sun kafa tebur a bakin titi: tukunyar ruwan zafi, gwangwanayen madara a jere, suga, ganyen shayi, kiret ɗin ƙwai. Har yau a Legas ko wanda bai iya Hausa ba ya san kalmar mai shayi. A gefe guda kamfanonin lemon kwalba sun kafu tun shekarun 1950, Gala kuma ta shigo kasuwa a 1962, ta zama abincin wanda cunkoson motoci ya riƙe a hanya.

A 1986, shekarar da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Marina. Tantalizers ya biyo baya a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC a 2009. Idan ana maganar ƙibar yara, waɗannan wurare ake fara nunawa da yatsa. Ni dai a ganina rabonsu a lamarin yaran Zango kaɗan ne. Ɗan mai sayar da tumatir a Mile 12, ko ɗan mahauci a mayankar Oko-Oba, ba ya shiga irin wuraren nan sai da salla, ko ranar da kawunsa ya yi ciniki mai kyau.

Abin da ya juya tukunyar gidajenmu daga Ota ya fito, nan kusa da Agege a kan hanyar Abeokuta. An fara shigo da Indomie Nijeriya daga Indonesiya a ƙarshen shekarun 1980, a tsakiyar shekarun 1990 kuma aka kafa masana'antarta a Ota. Tallanta yara ya nufa kai tsaye, amma babban ɗan tallanta shi ne mai shayinmu, wanda ya ƙara risho da 'yar tukunya a gefen teburinsa. Je ka tsaya a bakin irin wannan tebur da ƙarfe bakwai na safe. Yaro ne da kayan makaranta, jaka a baya, kuɗin tara a dunƙule a hannu: "Kawu, a dafa min biyu, a sa ƙwai, a cika yaji." Kafin ya gama ɗaure igiyar takalmi an juye masa a leda. A ƙofar makaranta zai ƙara da lemon roba da biskit. Da la'asar, kan hanyar Islamiyya, a sake. Taliyar nan kuwa fulawa ce da aka soya da mai kafin a ƙunshe ta, sai ƙullin gishiri da sinadarin ɗanɗano. Tana cika ciki, ba ta daɗewa, yunwa ta dawo.

Bai kamata a ɗora wa iyaye mata laifin ba tare da an dubi halin da suke ciki ba. Iyali guda a ɗaki ɗaya, madafa ta haɗaka a tsakar gidan haya, maigida ya fita tun asuba don ya riga cunkoso. Tuwo na son lokaci da wuta, gas da kananzir kuwa sun yi tashin gwauron zabo, balle tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Taliyar ma ta yi tsada, amma minti biyar ya ishe ta, kuma bakin yara ya riga ya saba. Filayen wasa an yi shaguna da gidaje a kansu, wanda ya rage ya zama tashar babura. Yaro ya taso daga boko ya wuce Islamiyya, ya dawo ya rungumi wayar babarsa har barci ya ɗauke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro ya motsa jiki aƙalla awa ɗaya kullum. Yara nawa ne a layinku ke samun haka?

Sai kuma abin da ya fi damuna, wato yadda muke kallon ƙiba. Kaka za ta ɗaga jikanta da ƙyar, ta ce, "Tubarkalla, ɗan nan ya yi ɓulɓul, uwarsa ta iya kiwo." Dalilinta a fili yake: ta fito daga inda rama ke nufin ciwo, ta kuma binne yaran da tamowa ta ɗauke. Ƙididdiga ma na bayanta, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, masu nauyin da ya wuce kima kuwa kashi 2 ne kacal. Amma wannan binciken dai ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, abin kuma ya fi yawa a birane. A duniya baki ɗaya, yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyi fiye da kima sun tashi daga kashi 8 a 1990 zuwa kashi 20 a 2022. Yaro na iya yin jiki alhali jininsa bai isa ba, kuma ƙibar ƙuruciya kan bi mutum har girma, ta jawo ciwon suga da hawan jini tun bai kai arba'in ba.

Gwamnati ta ɗan motsa. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Naira goma a Legas ta yau ba ta hana kowa sayen komai. Kwalbar roba guda ta irin lemon nan na iya ɗauke da suga fiye da cokali goma na shayi, alhali abin da masana lafiya suka fi so ko babba ya tsaya a kai a yini bai wuce cokali shida ba.

Don haka gyaran a hannunmu yake, kuma ba sai an taɓa abincin mai shayi ba, shi ma iyali yake ciyarwa. Malaman Islamiyya da masu makarantun unguwa, ku duba abin da ake sayarwa a ƙofarku, ku ba mai ƙosai da mai gyaɗa da mai yankan gwanda wuri, ku tanadi ruwan sha. Limamai, ku sa maganar a huɗuba. Ke kuma uwar gida, idan ɗanki na haki daga ɗan hawan bene, ko bayan wuyansa ya yi baƙin da sabulu ba ya fitarwa, kai shi asibitin sha-ka-tafi na unguwa a auna nauyinsa da tsawonsa a wannan makon.