Tashin Ƙungiyar Thunder ta Oklahoma, 2007–2012

A babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, watau NBA, akwai wata ƙa'ida: kowace shekara in za a ɗauki sababbin 'yan wasa, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara zaɓe, bayan an jefa ƙuri'a tsakaninsu. A kan wannan ƙa'ida aka gina Thunder.

Asalinta a birnin Seattle take, sai a 2008 aka ƙaura da ita Oklahoma. Tun 2007 aka danƙa ragamarta ga Sam Presti. Shi kuwa sai ya sallami manyan 'yan wasa, ya haƙura da faɗuwa, ya zaɓi Kevin Durant a 2007, Russell Westbrook a 2008, sa'an nan James Harden a 2009. Shekararsu ta fari a Oklahoma wasa 23 kaɗai suka ci cikin 82. Da shekara ta kewayo suka ci 50. A 2012 har suka kai karon ƙarshe, Miami ta kayar da su 4 da 1, alhali cikin samarin nan uku ba wanda ya wuce shekara 23.

Amma ƙa'idar da ta tara su ba ta biyan albashi. Cikin Oktoban 2012 aka kasa daidaitawa da Harden kan kuɗi, aka miƙa shi ga Houston, kuma da wuya a ce ba a yi garaje ba. Daga baya kowannensu ya zama gwarzon gasar. Kofin kuwa bai zo Oklahoma ba sai 2025, ba ko ɗayansu a wurin.